Ba a ƙona rumbu don ɓera

 

Maganar yau tana da zafi, mun kuma san akwai wanda ransa zai ɓaci tun bai kai tsakiya ba. Don Allah ya daure ya kai ƙarshe. Magana ce kan waƙa da wasa da fim, da wata ɗabi'a da ke ƙara kama mu. Duk ranar da wani mara kunya a wata ƙasa ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), sai a wayi gari makaɗin garinmu ne abin tuhuma, mai kallon fim ya zama munafuki, uwar da ta kira masu kalangu bikin ɗiyarta a ce imaninta da sauran gyara. Wanda ya yi laifin yana can yana shan iska, mu muna nan muna cin naman juna a gurup-gurup na WhatsApp.

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, kafin wani ya yanki rabin maganarmu ya tura gaba. Ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW), ko ga wani daga cikin annabawa, ko ga Alƙur'ani, ba mu yarda da shi ba, ko an naɗe shi cikin waƙa mai daɗi, ko an ce zane ne, ko an ce raha ce. Mai kiran wannan ƴancin fasaha, mu iskanci muke kiran sa. Inda muke da ja shi ne abin da ke biyo baya. Ƙin ɓatanci bai ba kowa lasin kashe mana waƙa da wasa gaba ɗaya ba, bai kuma miƙa wa kowa ashana ya nufi gidan maƙwabci ba. Ɓera ya shiga rumbu, gaskiya ne. Amma wane manomi ne a ƙasar Dendi ya taɓa cinna wa rumbunsa wuta don ya kashe ɓera?

Za mu fara da wani labari na nesa, don wani lokaci mutum ya fi ganin kansa a madubin wani. Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da suke ce wa opera. Wasa ne da ake yin sa da waƙa daga farko har ƙarshe: sarki ya yi fushi da waƙa, budurwa ta yi kuka da waƙa, mai mutuwa ma da waƙa yake cikawa, ga makaɗa jingim zaune a gaban dandamali. A Italiya aka fara shi wajen shekarar 1600. Abin ba baƙo ba ne gare mu, ai tatsuniyarmu ma ba ta cika sai an rera waƙar da ke tsakiyarta, kuma a da fim ɗin Kano da babu waƙa ko a kasuwa ba ya tafiya. A 2007 ma an yi wata opera ta ƴan Afirka a Bamako, mai suna Bintou Wéré, da kora da balafon da ganguna, labarin wata mai juna biyu da ta bi hamada tare da ƴan ci-rani suna neman shiga Turai. Labarin ƴaƴanmu ne masu bin hanyar Agadas.

To, a 1781 wani makaɗi ɗan Ostiriya mai suna Mozart ya tsara wata opera, Idomeneo. Labarin wani sarkin tsibirin Kirit ne na zamanin jahiliyyar Girkawa. Guguwa ta rutsa da shi a teku, ya yi wa gunkin teku bakance cewa in ya tsira zai yanka mutumin da ya fara cin karo da shi a gaɓa. Da ya fito, ɗansa ya tarar. Babu sunan annabi ko ɗaya a ciki, kuma an fi shekara 200 ana yin wasan ba wanda ya ce uffan. Sai a 2003, a gidan wasa na Deutsche Oper da ke Berlin, wani mai shirya wasa Bajamushe, Hans Neuenfels, ya ƙara wani abu daga aljihunsa a ƙarshen labarin. Ya sa sarkin ya fito da siffofin kawuna huɗu, wai na gunkin teku, da na Buda, da na Annabi Isa (AS), da na Annabi Muhammadu (SAW). Wa'iyazu billahi.

A watan Satumba 2006, bayan rikicin zane-zanen Denmak, jami'an tsaro suka gargaɗi shugabar gidan, Kirsten Harms, cewa ana iya samun tashin hankali, sai ta soke wasan. Jamus ta ɗauki zafi. Shugabar gwamnati Angela Merkel ta soki matakin, ta ce tsoro ne. Shugabannin Musulmin ƙasar ma suka rabu, wasu suka ce soke shi daidai ne, wasu suka ce a bar shi kada a ɗora wa Musulmi laifin hanawa. A Disamba aka sake yin wasan da ƴan sanda a ƙofa, ba a ƙona ko bukka ba.

Abu biyu muke so a lura da su a nan. Ɓatancin ba ya cikin aikin Mozart, wani ne ya zo bayan shekara 222 ya liƙa shi. Har yau ana yin Idomeneo a wasu garuruwa ba tare da wannan ƙazantar ba, kuma mai son kiɗan yana iya saurara ya tofa wa ƙarin yawu, babu cin karo. Ɓera daban, hatsi daban. Abu na biyu, hayaniyar ce ta ɗaga mutumin. Wasan da ƴan ƙalilan suka gani a 2003 ya zama labarin duniya a 2006, ga shi yau har a Tanda muna ambaton sunan Neuenfels. Masu irin wannan aiki da ma abin da suke nema kenan.

Yanzu mu dawo gida, mu ga yadda mu muka yi da namu fushin. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai. Jaridar Charlie Hebdo ta Paris ta sake buga zane a bangonta bayan harin da aka kai ofishinta ranar 7 ga wata aka kashe mutum 12, ga kuma haushin ganin shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, cikin jerin gwanon Paris na ranar 11. Fushin yana da dalili. Amma me ya haifa? Mutum 10 suka mutu, biyar a Damagaram, biyar a Yamai. Ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona a Yamai, da otel 5, da mashaya 36, da makarantar Kirista, da gidan marayu. A Damagaram aka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta, har da ɗakin karatun da ƴaƴan Musulmi ƴan lakwal suke zuwa aron littafi. Aka sa zaman makoki na kwana 3. Ita kuwa jaridar, da ba ta wuce kwafi dubu 60 ba, fitowar da ta biyo bayan zubar da jinin an buga ta sama da miliyan 7.

Kai jama'a, mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Waɗanda suka mutu ƴan wace ƙasa ne? Marayun da aka ƙona wa makwanci, su suka yi zanen? Annabin da aka ce don shi aka fita, maraya ya tashi, kuma ya yi wa mai riƙon maraya albishirin kusanci da shi a Aljanna. Da sunansa aka kori marayu waje. In wannan ba cin fuska ba ne ga koyarwarsa, to mene ne?

Ba ranar aka fara ba. A Nuwamba 2000 aka shirya bikin nuna kayan sawa na FIMA, na Alphadi, karo na biyu, a Yamai. Ƙungiyoyin addini suka ce tsiraici za a nuna, kuma suna da damar faɗin haka. Zanga-zanga ta tashi a Yamai ta sauka Maraɗi, garin da ke nesa da wurin bikin da fiye da kilomita 600. A Maraɗi aka ƙona mashaya da wuraren ibadar Kirista, aka far wa mata masu zaman kansu, aka ƙone musu ɗakuna. Bikin dai aka yi shi, gwamnatin Tanja Mamadu kuma ta rusa wasu ƙungiyoyin Musulunci. A Nuwamba 2002 a Kaduna, kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da wata magana da jaridar ThisDay ta buga, fiye da mutum 200 suka mutu, masu gasa suka kwashe kayansu suka tafi Landan suka ƙarasa abinsu. Kowane karo haka take: wanda ya jawo yana nesa ko yana da masu gadi, wuta kuma tana cin wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni.

Wani zai ce ai waɗannan na waje ne, in ɓatancin daga cikinmu ya fito fa? To ga Kano. A farkon 2020 wata waƙa ta wani matashi, Yahaya Sharif-Aminu, ta yaɗu a WhatsApp, aka ce ya ɗaga wani shehi sama da Annabi (SAW). Babu Musulmin da zai kare irin wannan lafazi. Amma kafin a je gaban alƙali taro ya riga ya ƙona gidan iyayensa. Ranar 10 ga Agusta 2020 kotun shari'ar Musulunci ta Hausawa Filin Hoki ta yanke masa hukuncin kisa. A Janairu 2021 babbar kotun Kano ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar, saboda an yi ta ba shi da lauya. Idan alƙali mai littafi a gabansa zai yi aikin da kotun sama za ta ce a sake, ina ga taron da ya taho da duwatsu da jarkar fetur? Shi aikinsa wa zai sake shi? A Sakkwato nan kusa da mu, bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a Mayu 2022, wanda Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da shi, a Yuni 2023 aka kashe wani mahauci Musulmi, Usman Buda, a mahautar gari kan wata magana da aka ce ya faɗa cikin gardama, mutanen da suka san shi suna ta shaidar mai riƙo da addini ne. Wutar da aka saba hurawa ba ta tambayar mutum ko ya yi sallar asuba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba kan wanga lamari. Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta nuna abin yi in mutum ya tarar ana izgili da ayoyin Allah: ya tashi ya bar wurin. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ɗora mana bincike kafin mu yi aiki da labarin da aka kawo, don kada mu cuci mutane mu dawo muna cizon yatsa. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin bautar wasu don kada su rama kan Allah. Alƙur'ani ya maimaita cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. Ko littafin Ashafa na Alƙali Iyal da malamanmu suke karantawa, wanda babu mai cewa yana da sassauci kan wannan mas'ala, yana maganar shaidu, da lafazin da ke ɗaukar ma'ana biyu, da mai hikayar maganar wani, duka a gaban alƙali. Ina aka ce ɗan kabu-kabu da ya ji bokal na daƙiƙa 30 ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni?

Sai maganar kiɗa da waƙa kanta. Ba mu zo yin fatawa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne akwai saɓani tun da daɗewa. Malamai da yawa sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a biki da Idi, wasu irin su Imam Gazali da Ibn Hazm sun halatta da sharuɗɗa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ƴan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Ya tabbata Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo a bayansa. Hassanu ɗan Sabitu da waƙa ya riƙa mayar wa masu zagin Annabi martani, da izinin Annabin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ɗiyarsa Nana Asma'u da waƙoƙi suka isar da karatu ga makiyaya da matan ƙauye. Wanda ya bi masu hanawa ya toshe kunnensa, Allah ya ba shi lada, ba mu da ta cewa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ɗauki saɓanin fiƙihu ya mai da shi ridda, ya jefa mai jin Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace cikin kwando ɗaya da mai zagin Annabi. Kakanninmu da suka gina masallatan garin nan, suka aika ƴaƴansu gabas karatu, da ganga suka yi gayya a gona, da kiɗa da kirari suka yi kokowa bayan kaka. Wa zai tsaya a kan kabarinsu ya ce bai yarda da Musuluncinsu ba?

Akwai kuma wata dabara da ya kamata mu farga da ita, ta lulluɓe mutum da rigar addini yadda duk wanda ya taɓa shi za a ce ya taɓa addini. Sukar malami daban, ɓatanci daban. Ɗan ƙasarmu Umaru Ganda ya yi fim ɗin Wazzou, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya sa kuɗi ya ƙwace budurwar wani saurayi ta zama matarsa ta uku, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ya sake yin Saitane, kan wani malamin tsibbu da ke haɗa mai kuɗi da matar aure. Ba a ƙona masa gida ba, sunansa ma aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai, CCOG. Iyayenmu sun gane cewa wanda ya tona asirin mai cin amanar rawani, rawanin yake karewa. Yazi Dogo da ƴan wasansa sun shekara suna ba mu dariya da halayenmu a talabijin. Yara a tashe suna kwaikwayon malam da gwauro da mai gari, a Damagaram ana wasan kara a kwaikwayi manyan ƙasa a gabansu. Da a yau ne Ganda ya fito da Saitane, wallahi kafin la'asar an yanko minti ɗaya an rubuta a kai “ku ga yadda anka zagi malamai”, a tura gurup 50. Mun fi iyayenmu imani ne, ko dai mun fi su gajen haƙuri?

Masu cewa a rufe komai a huta, su dubi abin da rufewar ta haifar a Kano. An kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa, a ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3 a Kofa, aka yi ta huɗuba a kai har aka fasa. To fim ya ƙare? Sai ma ya bar kasuwar da ake iya dubawa ya koma YouTube da TikTok, cikin wayar da yarinya take kwana da ita ƙarƙashin matashi, inda ba malami ba hukuma. Abin da ake yi a dandali gaban dattawa yana da kunya. In aka kore shi daga dandali, ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa.

Mu mutanen bakin kogi muna da wani darasin da ya fi wannan kusa. Ruwan da yake wucewa ta gabanmu ta Gao ya biyo, kuma bayan yaƙin Tondibi a 1591 nan ƙasar Dendi Askiyoyi suka dawo. A 2012 masu bindigar da suka kama Gao da Tumbutu suka hana kiɗa a gidajen rediyo, makaɗa suka watse zuwa Bamako da ƙasashen maƙwabta. Wataƙila a lokacin wani ya ce ai makaɗa ne kawai. A shekarar nan suka rushe hubbaren waliyyan Tumbutu da diga da gatari, a Janairu 2013 kuma suka ƙona littattafan hannu kusan 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, karatun malaman Musulunci na ɗaruruwan shekaru. Wanda ya fara da fasa gurmi bai tsaya a gurmi ba. Kowa ya san halin tsaron da yankinmu yake ciki yau, ba sai mun faɗa ba. Duk lokacin da muka koya wa yaranmu cewa kafirta maƙwabci abu ne mai sauƙi, gona muke share wa waɗannan mutanen.

Mun san abin da za a ce: Turawa munafukai ne, suna da abin da ba a taɓawa, namu ne kawai suke kira ƴanci. Wannan gaskiya ne. Faransa tana da doka tun 1990 da ke hukunta mai musun kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, kuma a Janairu 2014 ta hana ɗan barkwanci Dieudonné yin wasanninsa. Ashe sun san magana tana ciwo. Amma munafuncin Paris ba a gyara shi da ƙona shagon Bayarabe ko ɗan Benin a Gaya. Ga abin da ya yi aiki: a 2006 Musulmi suka ƙaurace wa kayan Denmak har kamfanoninsu suka ji a jika. A Yuli 2023 ƙasashen Musulmi suka kai maganar ƙona Alƙur'ani gaban majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙuduri ya wuce da ƙuri'a 28 a kan 12. A Disamba 2023 majalisar Denmak, ƙasar zanen nan, ta yi dokar da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da ɗaurin da zai kai shekara 2. Babu maraya ko ɗaya da aka kora daga makwancinsa kafin a samu wannan.

Kuma mu ƴan kan iyaka mu ne ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. Wa'azi yana zo mana daga Kebbi da Sakkwato, fim daga Kano, kiɗa daga Benin, labari daga Yamai, duka cikin waya ɗaya. A kasuwar Gaya da ta Malanbil da ta Kamba muna ciniki da Kirista da masu addinin gargajiya. Ƴan uwanmu suna zaune a Kandi da Paraku da Kwatano da Lome da Legas, wasu a unguwannin da Musulmi ne ƴan tsiraru. Da aka rufe gada a 2023 kowa ya ga yadda abincinmu yake rataye da ƙetaren kogi, a kwale-kwale aka riƙa haye da shi. In muka taɓa baƙon da ke cikinmu, ɗanmu da ke baƙunta a can shi zai biya.

Ku kuma makaɗa da mawaƙa da masu ɗora bidiyo, kada ku ɗauka mun wanke ku. Mai begen da zai wuce gona da iri har ya ba shehinsa abin da yake na Allah ko na Annabi, shi ya jawo wa sauran masu bege zagi. Mai kiɗan biki da zai kafa lasifika jikin masallaci ya ƙi kashewa ana kiran salla, ko ya kai asuba yana hana mara lafiya barci, shi ya ba masu son hanawa hujja. Yarinyar da za ta ɗauki wa'azi ko karatu ta yi rawa a kai don a danna mata so, ta sani abin da take wasa da shi ya fi ƙarfinta. Mamman Barka ya ɗauki biram na masuntan tafkin Cadi ya zaga duniya da shi bai zagi kowa ba. Ɗan Gurmu na Tawa har gasa aka sa wa sunansa. Gwaninta ba ta buƙatar taɓa abin da mutane suke ƙauna fiye da ransu, mai yin haka yawanci basira ce ta ƙare masa.

To me muke nema? Abu kaɗan ne, kuma kowa yana iyawa.

In bokal ko bidiyo ya shigo wayarka an ce ɓatanci ne, kada ka tura. Mai turawa shi ne ɗan aiken mai ɓatanci, kyauta yake yi masa talla. Tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, yaushe, kuma ina farkon maganar da ƙarshenta. Da yawa tsofaffi ne na wata ƙasa ake sake ɗumamawa.

In abin a garinmu ya faru, akwai limamai, akwai mai gari da sarki, akwai jandarmomi da alƙali a Gaya. A kai musu, a tsare wanda ake zargi daga hannun taro, a bar masu ilimi su saurari lafazin gaba ɗaya. Iyayensa da ƴaƴansa da ƴan addininsa ko ƴan ɗariƙarsa ba su da laifi.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, muna roƙo in za a yi huɗuba kan irin wannan a haɗa da hukuncin ɗaukar doka a hannu a cikin huɗubar guda, kada a bari sai an yi ɓarna a fito ana cewa ba haka aka nufa ba. Matashi yana fita masallaci da abin da ya ji na ƙarshe.

Iyaye da shugabannin fada-fada, a dawo da wasa fili. A yi kokowa da kiɗanta, ai duk jihar Dosso ta yi murna da takubban da Isaka Isaka ya ɗauko. A bar ƴan mata su yi gaɗa, yara su yi tashe, ƴan lakwal su yi wasan kwaikwayo kan auren dole da shaye-shaye da ci-rani, dattawa suna zaune suna gani, in an kauce su gyara.

Son Annabi (SAW) yana da hanyoyi da yawa da ba su buƙatar fetur. A koya wa yara tarihinsa, a yawaita salati, a ciyar da maraya, a cika mudu a kasuwa, a kyautata wa maƙwabci ko ba addininku ɗaya ba. Mai jin waƙa da maraice bayan ya dawo daga fadamar shinkafa, in ya tsare sallarsa ya tsare harshensa, ɗan uwanmu ne, kuma ba ya bukatar ya nemi gafarar kowa saboda abin da wani ya zana a Paris ko ya liƙa a Berlin.

Allah ya ƙara wa Annabi daraja, ya kunyata masu taɓa martabarsa, ya tsare mana Tanda da Gaya da ƙasa baki ɗaya daga fitina, ya ba mu damina mai albarka. Wanda maganarmu ta ɓata wa rai ya yafe mana, ya kuma kawo tasa hujjar cikin ladabi, za mu saurara.